Ruwan Buta da Jar Ƙusa

Tun da na dawo daga Yamai ban huta da tambaya ba. Balki ta aiko wasiƙa daga Maradi tana so ta ji ko gaskiya ne kogin ya fi garinmu faɗi. Ramatu ta zo har gida ta zauna bakin gadona, wai in ba ta labarin ɗinkin da matan birni ke yayi. Mariyama kuwa so take ta san ko na shiga silima. To, ga shi na rubuta muku gaba ɗaya, ku karanta ku miƙa wa juna, don in na fara labarin da baki sai maƙogwarona ya bushe. Ban shiga silima ba. Kogi na gan shi, rabinsa yashi ne. Abin da ya kai ni dabam ne, kuma sai na faro muku daga gida kafin ku gane.

Kun san tun da muka bar kwaleji nake taimaka wa Majo Isufu, babban ma'aikacin jinya, a gidan likita na garinmu, Kwarin Zabo. Ba albashi, ba sunana a takardar gwamnati. Aikina in rataya yara a sikeli, in auna dantsensu, in rubuta a kaye, littafin rubutu irin na ƴan lakwal, don takardun gwamnati masu gidaje-gidaje sun ƙare mana tuntuni ba a aiko wasu ba. Bana damina leƙo mu ta yi ta wuce. Hatsi ya kai gwiwa ya ƙone a tsaye. Yara suka fara zuwa da zawo da kumburin ƙafa, ga ƙyanda ta shigo ta bayan gari. Motocin taimako, masu hatsi da madarar gari da magani, suna bi ta hanyarmu, ba wadda ta taɓa taka birki. Majo ya tsai da wani direba ya tambaye shi. Direban ya ce, "Ku ai kore ne." Wai a Yamai akwai wani biro, wato ofis, da ke tara lissafin ruwan sama da na gidajen likita, a haɗa, a fitar da garuruwan da yunwa da ciwo za su fi kamawa. Wanda ya fito ja a kai masa mota, wanda ya fito kore ya jira. Mu an ce ruwanmu ya wadata.

Kuma ba Yamai ce ta ƙirƙiro ba, a nan kunyar take. A farfajiyar Kumandan, mai mulkin yankinmu, akwai ma'aunin ruwan sama, wani gwangwani mai mazurari a bisa sanda, Kawuna Ɗan Jimma ne mai gadinsa. In an yi ruwa a auna, a rubuta, Kumandan ya sa hannu, a aika, da yamma radiyo ya karanta sunan gari da milimetarsa. Farkon damina radiyo ya kira maƙwabtanmu Tudun Jaura sau uku a jere, mu ko sau ɗaya. Ranar kasuwa suka zo suna ɗaga kafaɗa. "Kwarin Zabo, har yanzu kuna cikin ƙasar nan kuwa? Mun kasa kunne ba mu ji ku ba." Wani ya ce mu kawo ƙwarya su ɗan zuba mana milimeta biyu. A gaban mahauta aka yi wa Kawu wannan. Da aka yi ɗan yayyafi a makon, irin wanda ko ƙasa bai jiƙa ba, ya duba hagu, ya duba dama, ya karkata butar alwalarsa cikin mazurarin.

Da yamma aka kira Kwarin Zabo. Wallahi har guɗa aka yi. Daga nan abin ya bar hannun Kawu ya zama na gari. Hadari na haɗuwa dattawa za su zauna shawara: nawa za a zuba? Kada a fi Maradi, za a gane. Kada a gaza Tudun Jaura, an yi aikin banza. Matan da ke bin layin rijiya tun asuba saboda tulu ɗaya su ma sai su ware moɗa guda, wai ta radiyo. Innata ta ba da, ni na kai, ina tafe ina dariya. Kumandan kuwa bai taɓa ɗaga kai ya gwada sama da takarda ba. Soja ne, abin da aka kawo masa a rubuce shi ne ya faru, balle ma an yaba masa daga sama cewa yankinsa ya yi ƙoƙari a ruwan bana.

Da gaskiya ta fito, aka rasa mai zuwa Yamai ya warware. Majo ba ya fita gari sai da takardar tafiya daga Kumandan, to me zai rubuta a gurbin dalili? Dattawa duk suka tuna da ciwon gwiwa. Aka waiwayo kaina.

"Ke kin yi boko, kina jin faransanci," in ji Majo. "Kuma ba a korar wanda ba a ɗauka aiki ba."

Liman ya ƙara da cewa soja ba ya kulle mace. Na ce, "Malam, a wane littafi?" Ya ce in dai riƙa addu'a.

Majo ya ƙulle mini kaye shida a cikin zane. Ya ce, "Saratu, abu ɗaya za ki dawo da shi, a mai da mu ja." Kawu ya raka ni har bakin kamyo, babbar motar kaya, idonsa jawur. Ya rage murya: "Ɗiyata, in sun tambayi wanda ya zuba, ki ce raɓa ce."

Kamyon ya kai ni Maradi, na hau motar Yamai. Aka cusa ni kusa da wata Hajiya Tamakka, mai fataucin turare, mace mai faɗin kujera ɗaya da rabi, rabin nawa ne. Kafin mu kai Konni ta san sunan kakata, da dalilin da ban yi aure ba, da abin da ke cikin ƙunshina. Ta yi dariyar butar Kawu har haƙorinta na zinariya ya fito, sannan ta daina. "Kuma ke aka aiko? Mazan garinku sun yi abin kirki." Ta miƙo mini ƙwai dafaffe, ta ce in ci, mai zuwa gidan yari ba ya tafiya da yunwa. Wai raha take mini.

Hanya ba ni da abin faɗa a kanta sai mutane. Duk inda mota ta rage gudu sai ka ga mata daga arewa sun taso da ƙorai wayam, ba sa ma roƙo da baki, ɗagawa kawai suke yi. Idona ya saba da aiki, sai na kama kaina ina auna yaran da ke goye da ido: wannan bai kai ba, wancan ƙafarsa ta kumbura. Na rufe ido na bar wa Hajiya tagar.

Shingayen jandarma kuwa na daina ƙirgawa. Kowane a sauka, a jeru, a nuna katin shaida, a koma. A wani shinge bayan Dogon Dutsi wani jandarma dogo ya ce in kwance ƙunshi. Ya buɗe kaye, ya ga sunaye jere, ga lambobi, ga wasu an ja musu layi da jan alƙalamin bik. Fuskarsa ta canza.

"Su wane ne waɗannan? Taron me kuke yi?"

A zamanin nan kun san abin da jerin sunaye ke jawo wa mutum.

"Ibro, kilo bakwai. Kilo bakwai na me kuka ba shi? Hatsin taimako kuke karkatarwa?"

Hajiya ta turo kai ta taga. "Kai ɗan nan, yara ne ake aunawa kamar albasa! Kai uwarka ba ta kai ka awo ba? Da gani ma ba ta kai ka ba."

Mota ta kwashe da dariya, ni kuwa na ce yau ta ƙare mana. Amma shi bai ko dube ta ba. Ya sa yatsa a kan layin. "Shekara uku, kilo bakwai?" Na ce e. "Masu jan layin fa?" Na ce sun rasu. Ya juya shafi, ya juya wani. Sai ya matso, ya rage murya yadda abokan aikinsa ba za su ji ba. "Madmazel, ɗana shekararsa biyu. Gashinsa ya fara ja, ya yi laushi. Wannan wani abu ne?" Na gaya masa abin da Majo ke gaya wa iyaye, ya kai shi awo gobe-gobe, kada ya jira kumburi. Shi da kansa ya ƙulle mini zanen, ƙulli biyu.

Daga Doso Hausa ta fara ƙarewa a bakin mutane, kamar an tsallaka wata ƙasa ba tare da an buga wa kowa hatimi ba. Taya ta fashe, muka zauna gindin wata itaciya, wata tsohuwa mai sai da gyaɗa ta gaishe ni da "fofo". Hajiya ta koya mini amsa: duk abin da aka tambaye ki cikin Zabarmanci ki ce "bani samay", wato lafiya lau. Tsohuwar hannunta kamar kara, akuyarta ta kasa tashi, na tambaye ta gida ta ce bani samay. Na ce ashe ba mu kaɗai ba ne. Daga gabas har yamma ƙasar nan lafiya lau take, ka tambayi kowa.

Mun shiga Yamai rana na faɗuwa. Mijin Gwaggo Habsu, Baba Ilu, mai sai da katako a kasuwar Katako, ya ɗauke ni a moto, wato babur, muka haye gada zuwa unguwar Harobanda, ni a baya na ƙanƙame kaye da hannu ɗaya, rigarsa da ɗaya, ina karanta duk abin da na haddace. Mutanen birni suna da abin mamaki. Ba sa sallama kafin su wuce ka. Maƙwabcin Gwaggo na gani yana wanke motonsa da ruwan famfo, ruwan na gudu cikin kwata, na tsaya ina lissafin sau nawa radiyo zai kira mu da wannan. Abinci kuwa, Gwaggo ta yi mini shinkafa da kifin kogi, da wani kwaɗon zogale da ƙuli da suke kira kopto, yaji kamar an yi faɗa da mai dakan. Na ci loma uku na kasa. Ta ce birni ne bai karɓe ni ba.

Da na fara ba su labarin abin da ya kawo ni, ina ambaton Kumandan sai Gwaggo ta miƙe ta ƙara muryar radiyo, ta rufe taga. Haka suke yi a can. Maganar gwamnati sai an sa mata kiɗa. Baba Ilu ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ni dai ban ji komai ba, kuma ba a gidana kika sauka ba." Sannan ya zana mini hanyar biron a bayan kwalin sukari, har da inda zan tsallaka titi. Gwaggo ta ara mini takalminta mai tsini, wai kada a raina ni. Takalmin ya fi jandarma azabtar da ni.

A ƙofar biron akwai wani tsohon soja mai gadin benci.

"Wa ya aiko ki?"

"Garinmu, Baba."

"Gari ba ya aike. Ina takarda mai hatimi?"

Ba ni da ita. Ya nuna mini benci. Na yini a kai. Kashegari na dawo na sake yini, har muka saba, ya ba ni goro, amma ƙofa ko ƙis. Da la'asar yana sake tambayata sunan garin, don ya mance, wani siririn mutum mai tabarau da ke wucewa da takardu ya tsaya cak.

"Kin ce Kwarin Zabo? Kwarin Zabo mai ruwa?"

Shi ne Mushe Sumana, wato Malam Sumana da faransanci, mai haɗa lissafin. Bazabarme ne, ya yi aiki a Tawa, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Ya ja ni ciki yana murna kamar ya ga wadda ta dawo daga Makka. Ashe garinmu sananne ne a biron. Duk kewayenmu ƙasa ta ƙone, mu kaɗai muke tsakiya kore shar a takarda. Har wani Bature masani da ke taimaka musu ya yi dogon rubutu, wai wataƙila kwarin ne ke jawo hadari, ana shirin aiko tawaga ta bincika ko za a koya wa sauran garuruwa. Mushe Sumana ya ce, "Gaya mini, akwai tsauni a gabas da ku?"

Na ce, "Mushe, akwai buta."

Ya cire tabarau ya goge, ya mai da. Na ba shi labari tun daga mahauta. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Watanni ina gaya musu wannan ruwan ya cika tsabta. Ruwan Allah ba ya zuwa daidai-daidai haka, kullum ɗan sama da na maƙwabta."

Ya kai ni in ga na'urar da ta yi mana hukunci, ordinata suke ce mata. Ɗakinta dabam, sai an tuɓe takalmi, abin da na yi da godiya. Ita kaɗai ke da injin sanyi a duk benen, ma'aikata na zufa a waje, ita tana lulluɓe da farin ƙyalle kamar mai jego. In wuta ta ɗauke kowa ya yi tagumi, in ta dawo a jira ta farfaɗo. Ya nuna mini yadda take aiki. Ana ba ta ruwan sama na kowane gari, da zurfin rijiyoyi, da awon yara, da yawan masu zawo da ƙyanda, ita kuma ta faɗi inda ciwo zai fi tsanani nan da watanni. Ya ce in an ba ta gaskiya tana hango abin da mutum ba ya hangowa, akwai garuruwan da aka kai wa allura kafin ƙyanda ta isa saboda ita. Na ce to mu da ba mu aiko awon yara ba fa?

"In ba ta ji daga gare ku ba, sai ta dubi ruwanku ta cike gurbin da kanta. Ruwa ya yi kyau, to yara sun yi ƙiba."

Na kwance zane na tura masa kaye. Ya karanta shafi biyu ya rufe. Ya ce abin takaici ita ba ta cin kaye, sai takarda mai gidaje. Ya ba ni tuli guda da bik, ya ajiye ni a lungun bironsa. Kwana uku ina kwafe yaranmu ɗaya-ɗaya cikin gidaje. A nan na gano takardar ba ta da gidan wanda ya rasu. Akwai na wanda ya warke, akwai na wanda "ya daina zuwa". Na tambaya, ya ce a nan ake sa su. Kuma da yake mafi rama su ke fara daina zuwa, duk yaron da muka binne sai awon garin ya ɗan gyaru. Na ce, "Mushe, ke nan in duka suka mutu mun warke?" Ya dubi ƙofa, ya jawo wata takarda daga aljihun teburinsa. Da hannunsa yake rubuta matattun kowane gari a gefe, ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya taɓa tambayarsa. Ya ƙara namu a ƙasa.

Sai dai awon yara kaɗai bai isa ya rinjayi ruwan buta ba. Sai an soke ruwan, kuma ba mai soke abin da soja ya sa wa hannu sai soja. Rana ta huɗu Mushe Sumana ya gyara wuyan rigarsa sau uku, ya kai ni wurin Kaftin, shugaban rabon taimako.

Ɗaki ne babba, fanka na juyawa, ƙaramar bindigarsa a kan tebur ya danne takardu da ita kada iska ta kwashe. Bango guda taswirar ƙasa ce, an soke ta da ƙananan ƙusoshi masu kai ja da kore. Bai ce mu zauna ba. Mushe Sumana ya yi bayani da faransanci mai yawan ladabi, yana ta kewaye-kewaye har ni kaina na kasa gane ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Kaftin ya ɗaga hannu, ya dube ni, ya juya Hausa.

"Ke. Cewa kike hafsan soja ya sa hannu a kan ƙarya?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To an yi ruwa?"

"Ya shiga gwangwanin, ranka ya daɗe."

"Daga ina?"

Na ce, "Daga buta."

Ya jawo takarda, ya buɗe bik. "Butar wa? Suna."

A zuci na hango Kawu a bayan mota an ɗaure masa hannu. Na ga kuma kaye shida. Ban san inda muryar ta fito ba. Na ce, "Ta gari ce. Dattawa ke yanke yawan, mata ke kawo ruwan. Liman ya sani. Innata ta ba da moɗa, ni na kai. In za a rubuta suna, sai a ƙaro takarda."

"Don me? Wa ya biya ku? Wa ke son ɓata sunan gwamnati?"

"Ba kowa. Don radiyo ya kira sunanmu ne. Tudun Jaura suna yi mana dariya a kasuwa."

Ya zuba mini ido har na fara kalmar shahada a zuci. Sai kafaɗunsa suka fara motsi. Ya yi dariya, ya buga tebur, bindigar ta yi tsalle, ni ma na yi. Ya share hawaye yana cewa, "Cikin fari! Suna zuba ruwan sha a gwangwani!" Mushe Sumana ya ga shugaba na dariya shi ma ya fara, sai Kaftin ya tsaya kamar an kashe radiyo, ya bar shi da baki buɗe.

"Ruwan da radiyon ƙasa ya faɗa ya sauka," in ji Kaftin. "Ba a mai da shi sama. Kumandan bai yi kuskure ba. Gari guda kuma ba ni da gidan yarin da zan zuba shi." Ya ɗan yi tunani. "Ma'aunin ne ya lalace. Rubuta, Sumana. Ya huje."

"Mon kapiten, in ya huje ai raguwa ruwan zai yi, ba ƙaruwa ba."

"Ta sama ya huje. Rubuta. A je a kamo shi a kawo nan a bincike shi."

Haka aka yanke wa gwangwani hukunci, Kawu ya tsira. Aka soke ruwanmu, aka ba na'ura takarduna, muka jira wuta ta dawo, muka jira ta farfaɗo. Bayan azahar ta fito da takarda, Kwarin Zabo can sama-sama cikin ja. Na ji kamar in rungume ta da ƙyallenta.

Muka koma wurin Kaftin da takardar. Ya duba, ya tashi ya je gaban taswira, ya zare koriyar ƙusarmu. Ya buɗe wani gwangwanin madara da ke kan kabad, ya girgiza. Kore ne zalla a ciki. Ya ce jajayen an ƙirga su daidai da motocin da ake da su, kowace ja mota ce, kuma duk suna bango.

"Ja ba ya ƙaruwa don kin zo," ya ce.

Ya ɗora yatsa a taswira ya yi arewa da shi, a hankali, yana wuce ja bayan ja. Ya tsaya a kan wata can gefe, ita kaɗai, kusa da inda hanya ta ƙare.

"Sumana, waɗannan sun aiko takardar watan nan?"

"Ba su aiko ba, mon kapiten. Amma mai yiwuwa likitansu ne ya..."

"To lafiya suke."

Ya zare ta, ya kawo ya soka a Kwarin Zabo, ya kai koriyarmu ya soka a ramin da ta bari. Ina tsaye kusa, na karanta sunan da ke ƙarƙashi. Rijiyar Agali. Ban taɓa jin sa ba. Na san sarai abin da ke hana gidan likita aiko takarda, ni da na yi watanni ina rubutu a kaye. Bakina ya buɗe. Kun san abin da ya fito? "Na gode, ranka ya daɗe." Har da rusunawa. Mushe Sumana ya raka ni ƙofa, ban iya dubansa ba.

Dawowa ba ni da labarinta, ban ga hanya ba. Bayan mako biyu mota ta tsaya a Kwarin Zabo, da hatsi da madara da allurar ƙyanda. Aka yi mini guɗa, tsofaffi na shafa kaina, Liman ya ce shi dama ya faɗa. Sojoji biyu suka zo da ƙaramar mota suka tafi da gwangwani a kujerar baya, Kawu ya bi su da ido yana hawaye, yanzu sandar kaɗai yake gadi. Yaran da na sa rai za mu ja wa layi, da yawansu sun fara zama da kansu. Jiya wata ta ciji yatsana a kan sikeli, na ji daɗin cizon. Wannan gaskiya ne, kuma ba zan ce da ban je ba.

Amma na gaya wa Majo zancen ƙusar, ya ce in yi shiru, an gama. Na gaya wa Inna, ta ce Allah ya kai musu nasu. Balki, yayanki na tuƙi wajen arewa, don Allah ki tambaye shi. In akwai mai jin magana a can, a ce musu su ƙulle ko kaye ne su aiki wani, su nemi mai tabarau.

Ni dai duk direban da ya tsaya shan ruwa a bakin gidan likita sai na fita na tambaye shi. Yawancinsu ba su san wurin ba. Shekaranjiya na sami wani dattijo mai kamyon gishiri, yana ɗaure kayansa.

"Baba, ko ka san Rijiyar Agali?"

"Na sani. Makon jiya ma na bi ta can."

"Yaya suke?"

Ya ja igiya ya ƙulle. Ya ce, "Rijiyar dai tana nan."

Na tsaya ina jira ya ƙara wani abu. Ya hau motarsa ya tafi.